Asimov, Mujallar Kwabo, da Gonar da Zariya ta Share

A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, editanta na Hausa kuwa shi ne Malam Abubakar Imam, wanda ya baro aji a Makarantar Midil ta Katsina ya kama alƙalami. A fitowar watan Maris ta wannan shekarar, wata mujalla mai araha a Amurka, Amazing Stories, ta buga labarin farko na wani ɗalibi ɗan shekara 19 mai suna Isaac Asimov. Labarin mutum uku ne da kumbonsu ya tarwatse a sararin sama, iskar shaƙa ta kwana uku kawai ta rage musu, sai wani babban tankin ruwa. Ɗayansu ya huda tankin, ruwan da ke feshowa ya riƙa tunkuɗa su har suka nufi inda za su tsira. Dala 64 aka biya shi. Imam da Asimov ba su taɓa haɗuwa ba, amma sana'arsu ɗaya ce: su ɗauko ilmi mai nauyi su zuba shi a harshen da mai kanti da ɗan makaranta ke magana da shi, su kuma sa labari ya ja mai karatu ciki. Asimov ya mutu ya bar littattafai sama da 500 da ya rubuta ko ya tace, ya bar zuriyar injiniyoyi da masana da ke cewa shi ya sa su a hanya. Abin da aka fara a Zariya kuwa bai yi nisa ba. A ganina, wanda ya bi tarihin Asimov a tsanake zai gane cewa abin da ya raba su ba kaifin ƙwaƙwalwa ba ne, ba kuma gazawar Hausa ba. Shi ya samu mujallar da ke fitowa kowane wata, da editan da ke gyara masa, da ɗan kuɗin da ake biyansa, shekara da shekaru ba yankewa. Wannan magana ta shafi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina fiye da yadda za a zata.

An haife shi a ƙauyen Petrovichi a yammacin Rasha, cikin iyalin Yahudawa, lokacin da yaƙin basasa ya hargitsa ƙasar har ba a tabbatar da ranar haihuwarsa ba. Shi dai ya riƙe 2 ga Janairu 1920. A 1923 iyayensa suka yi ƙaura zuwa unguwar Burukilin ta birnin Niyok, bayan shekara uku uban ya sayi ɗan kantin alewa da jaridu. Tun asuba ake buɗe kantin, sai tsakar dare a rufe, ba Lahadi ba ranar hutu, yaron kuwa shi ke rarraba jaridu, in ya dawo daga makaranta ya tsaya bayan kanta. Duk wanda ya san kasuwar Sheme ko ta Funtuwa ya san irin wannan yaro, mai ba da canji da hannu ɗaya, littafi a ɗaya hannun. Mujallun labarai masu bangon launi na jere a gabansa, amma uban ya hana shi taɓa su don yana ganin shirme ne. A 1929 aka fito da wata sabuwa, Science Wonder Stories, yaron ya nuna wa uban cewa ai ga kimiyya nan a sunanta, uban ya sassauta. Sai ya karanta ta a hankali, bai lanƙwasa ba, bai ɓata shafi ba, ya mayar da ita kan kanta a sayar kamar sabuwa. Abu na biyu da ya samu shi ne katin laburaren gwamnati, inda ya riƙa aro kyauta, yana cinye tarihi da tatsuniyoyin Girkawa da littattafan kimiyya ba tare da wani ya zaɓa masa ba. Gidan babu kuɗin sayen littafi, amma littafi bai taɓa yi masa nisa ba.

A watan Yuni na 1938 Asimov ya ɗauki labarin da ya fara rubutawa ya kai da kansa ofishin mujallar Astounding. Editan, John W. Campbell, saurayi ne da bai kai talatin ba, ya kuma karanci fizis a jami'a. Ya zaunar da yaron fiye da awa guda suna hira, ya karanta labarin, ya mayar masa da shi cikin kwana biyu tare da wasiƙar da ta bayyana inda ya gaza. Asimov ya ci gaba da zuwa kusan kowane wata, ana mayar masa, yana gyarawa, sai a 1939 Campbell ya sayi nasa na farko, a kan farashin da aka saba, santi ɗaya kowace kalma. Abin da Campbell ke nema a wajen marubutansa abu biyu ne: kimiyyar da ke cikin labari ta tsayu da ƙafarta, sannan a nuna yadda sabuwar na'ura ko sabon sani ke sauya zaman mutane. Ba mutum ne marar aibi ba. Yana da ra'ayin fifita farar fata, yana son a kowane labari ɗan Adam, wato irin nasa, ya rinjayi sauran halittu, kuma Asimov ya faɗa daga baya cewa don kauce wa wannan gardama ne ya daina sa baƙin halittu a manyan labaransa, ya cika taurari da mutane zalla. Duk da haka Campbell ya riƙe kujerar daga 1937 har ya mutu a 1971, mujallar na fitowa wata-wata, kuma har yau tana raye da sunan Analog.

Labarin da ya fito da Asimov fili shi ne Nightfall, na watan Satumba 1941. Ya ƙaga wata duniya mai rana shida, in wannan ta faɗi waccan na sama, don haka mutanenta ba su san dare ba, ba su taɓa ganin tauraro ba. Sau ɗaya cikin shekara 2,049 ake samun lokacin da rana ɗaya ce kawai a sama, ita ma sai wani wata da ba a gani ya rufe ta. Masu binciken kufai sun tarar da birane a kan birane, kowane ya ƙone, tsakaninsu kimanin shekara dubu biyu. Masana taurari suka lissafa suka gano dalili, suka yi gargaɗi, jama'a suka yi musu dariya. Da duhun ya zo, taurari dubbai suka bayyana, hankalin mutane ya gushe, suka cinna wa garinsu wuta don neman haske. Mai karatu a Katsina ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan labari. Ranar 29 ga Maris 2006 da hantsi inuwar wata ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu na 'yan mintoci, aka tsaya sallar kusufi, aka kuma watse lafiya, domin tun kafin ranar an yi ta sanarwa cewa abin zai faru a sa'a kaza, kada kuma a kalli rana da ido tsirara. Shekara biyar kafin nan, a Janairu 2001, husufin wata a Maiduguri ya ƙare da ƙone-ƙone, bayan wasu matasa sun ɗora laifin a kan masu saɓo. Sama ɗaya ce, mutanen ma kusan ɗaya ne. A Katsina bayani ya riga duhu isowa. Abin da Asimov ya sa a labarinsa ke nan yana da shekara 21, kuma a kansa ya ƙare rayuwarsa.

A labaran mutum-mutumi ma haka ya yi. Kafin shi, abin da aka saba shi ne na'urar da ke juya wa mai ita baya ta hallaka shi. Shi kuwa ya ce ai kowane makami da mutum ya ƙera yana yi masa kariya, wuƙa da kube, wayar lantarki da roba, to me zai hana na'ura mai tunani? A labarin Runaround na 1942 ya shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake gina wa kowane mutum-mutumi: kare ran ɗan Adam ne kan gaba, bin umarni na biye, kare kansa na ƙarshe. Daɗin labaran, waɗanda aka tara a littafin I, Robot a 1950, shi ne yadda ƙa'idojin ke karo da juna a yanayin da ba a hango ba, kamar dai mas'alar fiƙihu da malamai ke warwarewa. Joseph Engelberger, wanda kamfaninsa ya sa mutum-mutumin masana'anta na farko aiki a wata masana'antar motocin General Motors a 1961, ya ce labaran Asimov ne suka ja shi wannan fage. Jerin Foundation kuwa, da ya fara a 1942 aka tara shi littafi uku tsakanin 1951 da 1953, ya samo shi ne daga tarihin rushewar daular Rum na Edward Gibbon. Wani masanin lissafi, Hari Seldon, ya hango daular taurari za ta faɗi, jahilci ya yi shekara 30,000. Ba zai iya hana faɗuwar ba, amma in aka tara masana a wani lungu suka adana ilmi, za a rage duhun zuwa shekara 1,000. Paul Krugman, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2008, ya sha faɗa cewa wannan littafi ne ya sa shi neman ilmin da zai lissafa halin al'umma.

Za a iya tambaya ko Asimov masanin kimiyya ne na gaske, tambayar kuma tana da tushe. Ya yi digirin farko a Jami'ar Kolumbiya a 1939, na biyu a 1941, ya yi shekarun yaƙi yana aiki a ma'aikatar sojan ruwa ta Filadelfiya, ya kammala digirin digirgir a kimiyyar sinadarai a 1948, a 1949 ya fara koyar da sinadaran jikin mai rai a makarantar likitanci ta Jami'ar Bostan. Amma bai gano wani abu da ake tunawa da shi a ɗakin gwaji ba, shi kansa bai ɓoye cewa bincike ba fagensa ba ne. Bajintarsa a gaban allo take. Da hukumar makarantar ta matsa masa ya koma bincike ya rage rubutu, ya ƙi. A 1958 aka tsayar da albashinsa, ya riƙe muƙamin kawai, sai a 1979 jami'ar ta ɗaga shi zuwa cikakken farfesa don girmama rubutun da ta so hana shi. Ina ganin hukuncin 1979 ne daidai. Al'ummar da ke da masu bincike ba ta da masu bayani, ilminta na kulle a hannun mutum ɗari, sauran kuwa duk wanda ya zo musu da magana mai daɗi shi za su bi, ko a kan allurar rigakafi ko a kan maganin feshi.

Ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, Amurka ta firgita cewa an bar ta a baya a kimiyya. Asimov ya kusan ajiye ƙagaggen labari, ya juya ga bayani tsantsa. Daga Nuwamba 1958 ya riƙa rubuta maƙalar kimiyya kowane wata a mujallar Fantasy and Science Fiction, har ta kai 399 bai tsallake wata ba. Ya rubuta a kan taurari, jini, ƙwaƙwalwa, lissafi, tarihin Masar da Rum, har da sharhin wasannin Shakespeare. Littafinsa na farko ya fito a 1950, na ɗari a 1969, na ɗari biyu a 1979, na ɗari uku a 1984. Dabararsa a fili take: ba ya fara da amsa. Yana farawa da abin da mutanen da suka zata, ya nuna dalilin da ya sa zaton nasu ya yi kama da gaskiya, sannan wanda ya fara shakka, da gwajin da ya yi, har mai karatu ya iso ga amsar yana jin kamar shi ya gano ta. Yana tashi da sassafe ya zauna gaban tafireta kullum, irin zaman kantin ubansa, kuma mutumin da ya kai masu karatu iyakar taurari yana tsoron jirgin sama, sau biyu kawai ya hau a rayuwarsa. Yana da aibobi da bai kamata a rufe ba: mutanen cikin labaransa sau da yawa baki ne kawai da ke gardama, mata ba su da yawa a ciki, kuma an tabbatar yana da mummunar ɗabi'ar taɓa mata ba da yardarsu ba a wuraren taro, abin da shahararsa ta sa aka riƙa kau da kai. Ya mutu a Niyok ranar 6 ga Afrilu 1992. Sai a 2002 iyalinsa suka bayyana cewa cutar ƙanjamau ce, wadda ya ɗauka ta ƙarin jini lokacin aikin zuciya a 1983.

To, mu koma Zariya. A 1933 Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar ƙaga labari, aka samu Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. East ya yi wa Imam irin abin da Campbell ya yi wa Asimov: ya zauna da shi, ya kawo masa littattafai, suka yi ta gyara, har Magana Jari Ce ta fito a ƙarshen shekarun 1930. Shi ma East Baturen mulkin mallaka ne, da manufar gwamnatinsa a bayansa, amma aikin edita ya yi shi da gaske. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne bayan yaƙin duniya na biyu su biyun sun haɗu sun rubuta Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu iri-iri na cikin duniya da Hausa mai sauƙi. Ke nan mutumin da ya fi kowa iya labari a zamaninsa ya zauna ya rubuta kimiyya don talaka, kafin Asimov ya juya ga wannan aiki. Sannan a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya kai shi yawon sararin samaniya. An share gona, an yi huɗa, an ma jefa iri.

Damina ta biyu ce ba a koma ba. East ya bar ƙasar a farkon shekarun 1950, siyasa da aikin hukuma suka ja Imam, hukumar NORLA da ta gaji aikin talifi a 1954 ta rufe a 1959. NNPC da aka kafa a 1966 kamfani ne da ke rayuwa da littattafan da makarantu ke saye, kimiyya kuwa da Turanci ake koyar da ita, da Turanci ake jarrabawarta, don haka littafin kimiyya na Hausa ba shi da mai saye a ma'aikatar ilmi. Da Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, tsarin da wasu jihohi suka bi, an samu likitoci da injiniyoyi masu yawa, wannan nasara ce babba. Sai dai ilminsu ya shiga da Turanci ya zauna da Turanci. Dembo ya rubuta littafi guda na wannan fanni, kuma babu wata mujalla da yaron da ya karanta shi a Faskari zai aika wa nasa gwajin, a mayar masa da gyara, ya sake aikawa.

Ƙorafi na farko da za a kawo kan yin irin aikin Asimov da Hausa, kuma mafi nauyi, na addini ne. Asimov bai yi imani da Allah ba, bai ɓoye ba, ya ma shugabanci ƙungiyar masu wannan ra'ayi a Amurka daga 1985. Uba a Sabuwa yana da haƙƙin ya tambayi abin da ake son cusa wa ɗansa. Amsata ita ce aƙidar Asimov tasa ce, ba ta cikin lissafin kusufi, kuma wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya tashi a Katsina, ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubutu a kan lissafi da taurari. A 1732 ya rubuta bayanin yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wanda jimlar kowane layi ke zuwa daidai ta kowace fuska, kuma masana tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. 'Yandoto, da ke kusa da Tsafe, maƙwabciyar Faskari da Ƙanƙara, gari ne na malamai tun kafin jihadi. Malaman hisabi sun daɗe suna lissafa wa manoma taurarin damina, manomi kuma ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki. Ranar da ɗan Manzon Allah (SAW), Ibrahim, ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka danganta shi da rasuwar, Manzo ya kore wannan zato nan take. Imam da East ma da suka zo rubuta kimiyya sunan da suka ba littafinsu ya nuna inda suka dosa. Marubucin Hausa zai ari dabarar Asimov ya bar masa aƙidarsa, kamar yadda likita Musulmi ke aiki da maganin da wanda ba Musulmi ba ya gano.

Na biyu, a ce Hausa ba ta da kalmomi. Asimov ya yi suna ne don ya guje wa manyan kalmomi, ba don ya tara su ba. A ɗauki farar ƙasar Ƙanƙara. Duk ɗan garin ya san ta, ya ga ana haƙo ta ana lodawa a buhuna, ya san laushinta a tsakanin yatsu. Masu binciken sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello sun yi ta nazari a kanta, don a cikinta akwai sinadarin da ake samun alminiyam daga gare shi, haɗe da irin wanda ke cikin yashi. Asalinta dutse ne mai tauri da ruwa ya yi shekaru masu yawa yana ratsawa yana ruɓar da shi, ya wanke wasu sinadarai ya bar wannan farin laka. In aka gasa ta da wuta mai ƙarfi, ruwan da ke ɗaure a cikinta ya fita, ta zama tangaran. Ana sa ta a fenti da takarda da magani. Ga shi an faɗa da Hausa, ba abin da ya zube. Inda kalma ta yi ƙaranci a aro, kamar yadda aka aro hisabi daga Larabci, aka aro injin da lantarki daga Turanci. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare lissafi da kimiyya da Yarbanci tsawon shekara shida, ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa.

Na uku ya fi ciwo. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji da ƙafa. Ranar 17 ga wata aka sako 344. Gwamnati ta rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda bai iya zuwa gonarsa ba, ana iya cewa, ina ruwansa da duniya mai rana shida? Ba zan ce littafi na tare harsashi ba, kuma tsaro shi ne farko. Amma a duba inda abin ya faɗa: makarantar kimiyya ce, inda iyaye talakawa suka kai 'ya'yansu don su zama likitoci. Kowane zango da aka yi makaranta na rufe, abin da ke riƙe yaro a kan karatu shi ne sha'awar da ke cikinsa, sha'awa kuwa ba takardar jarrabawa ke haifar da ita ba. Asimov ya yi ƙuruciyarsa cikin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, ya rubuta farkon Foundation a shekarun da Hitila ke cin Turai yana hallaka Yahudawa 'yan'uwansa, kuma abin da labarin ke tambaya shi ne yadda ake tsare ilmi lokacin da hukuma ta kasa tsare gefen ƙasarta. Littafi ɗan ƙarami, ko labarin da aka karanta aka tura ta waya, yana shiga ƙauyen da malami ke tsoron kwana.

Masu karatu kuwa suna nan, an riga an gwada. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano suka buga littattafansu da kuɗinsu suka sayar a kasuwa ba tare da jiran hukuma ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zaga ƙasar Hausa, Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ya fito daga nan kusa, littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini kuma sun nuna cewa samari na son duniyoyin da ba su taɓa gani ba, da makamai masu ban al'ajabi, da jarumin da ke warware matsala. Daga takobin sihiri zuwa na'urar da aka bayyana yadda take aiki taku ɗaya ne, kuma shi ne takun da Campbell ya tilasta wa marubutansa. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta sake tabbatar da abin da gasar 1933 ta nuna, cewa in aka buɗe ƙofa rubutu zai shigo. Amma gasar shekara-shekara tana zaɓen gwani ne, ba ta renon mai koyo. Abin da babu shi ne edita da ya san sinadarai ya kuma san Hausa, mai mayar da labari da bayanin inda ya gaza, da ɗan abin biya komai ƙanƙantarsa, da fitowa kan lokaci. A Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Ahmadu Bello masu nazarin Hausa da masu kimiyya a harabar jami'a ɗaya suke aiki, mujallar waya kuma ba ta bukatar takarda ko injin buga littafi. Wanda zai ɗauki wannan aiki ya shirya karanta labarai marasa ƙarfi da yawa kafin ya ga mai kyau: Nightfall shi ne labari na 32 da Asimov ya rubuta, kuma shekara 11 ya yi tsakanin fitowar labarinsa na farko da littafinsa na farko.